Jarrabawa a Cikin Takaba

Ina shekara ta uku a makarantar koyon aikin shari'a a Yamai mijina ya rasu. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Filinge, garinsu, kuma can ɗakinmu yake, cikin gidansu na gado, tare da mahaifiyarsa da wansa da iyalin wan. Lokacin karatu ina zama wurin gwaggota a Yamai da ɗiyarmu 'yar shekara biyu, sai an yi hutu mu hau mota mu koma gida. Zazzaɓi ne ya kama shi cikin bazara. Aka kira ni ran Talata, na iso ran Laraba, ran Asabar da hantsi aka kai shi makwancinsa.

A lokacin saura mako uku a fara jarrabawar ƙarshen shekara. Ba wai na tuna da ita na share ba ne, sam ba ta faɗo mini a rai ba, har aka yi ta aka gama ina zaune bisa tabarma, ana shigowa gaisuwa ana fita. Na shiga takaba yadda ake shiga a gidan: zane guda mai duhu da mayafi, ba kwalli, ba lalle, ba turare, aka tsefe mini kai aka bar shi haka. Wata huɗu da kwana goma. Uwar mijina, wadda nake kira Inna kamar yadda 'ya'yanta ke kiranta, ita ke riƙe da lissafin kwanakin a ka, tana bin tsayuwar wata. Ni ma ina yin nawa a bayan kaye, wato littafin rubutu, na darasin dokar iyali, wanda na tarar cikin jakata ban ma san na ɗauko shi ba.

Ana cikin noman farko, gidan ya yi tsit da rana saboda kowa yana gona, sai ƙawata ta kira ni daga Yamai. Bazabarma ce, benci ɗaya muke zama tun shekarar farko. Ta sake yi mini gaisuwa, amma na gane da magana a bakinta.

"An manna ranakun zagaye na biyu," ta ce. "Na ga sunanki cikin waɗanda ba su zo na farko ba."

Ta karanto mini: kwana uku a jere, darasi biyu kowace rana, ɗaya ƙarfe takwas na safe, ɗaya ƙarfe uku na yamma. Na jawo kayen na ƙirga, na sake ƙirgawa da yatsa. Ranar da za a fara, saura kwana goma sha biyu in fita takaba.

Na riga na maimaita shekara ta biyu lokacin da na haihu, kuma dokar makarantar ba ta barin ɗalibi ya maimaita sau biyu. Idan ban zauna wannan zagayen ba, sallamata za a yi. Ƙawata ta san haka, shi ya sa ba ta faɗa ba. Bayan mun kashe waya na daɗe zaune. Sai kunya ta biyo baya: mutum bai cika wata uku a ƙasa ba, ga matarsa tana kukan jarrabawa.

Duk da haka, ranar na rubuta takardar roƙo zuwa ga shugaban makarantar. Sau huɗu ina yaga ta. Faransancin da na koya yana da kalmar mutuwa, yana da kalmar matar mamaci, amma halin da nake ciki sai da na yi layi biyar ina bayaninsa, kamar mai ba da haƙuri kan wani laifi. Na roƙi a bar ni in rubuta jarrabawar ni kaɗai, mako biyu bayan sauran. Na ɗauki hoton takardar na tura wa ƙawata, ta buga ta kai.

Bayan kwana huɗu sakatariyar makarantar ta kira ni. Dattijuwa ce, duk ɗalibai Madam muke ce mata.

"Ɗiyata, Allah ya jiƙan shi," ta ce. "Amma ga takardar da ake cikawa nan a gabana. Akwai gurbin rashin lafiya, akwai na haihuwa, akwai na naƙasa. Taki ina zan sa ta?"

"Madam, ba a taɓa samun mai takaba ba?"

"An samu mana. Ko su zo su zauna abinsu ba su gaya wa kowa ba, ko su bari. Ke ce ta farko da na ga ta rubuto." Ta ce maganar ɗaga rana in cire ta daga raina, babu malamin da zai zauna ya shirya sabbin tambayoyi saboda mutum guda. Daga nan ta rage murya. "Ba ki da likitan da kuka saba? In da takardar rashin lafiya, ba za a ƙirga miki shekarar nan ba, sai ki sake ta baɗi."

Na ce mata sai na yi shawara.

"To, ki yi tunani. Amma duk hanyar da za ki bi, ina son takardar mutuwa da takardar aure cikin dosiyenki, tare da sauran takardunki. Kala suru, sai haƙuri."

Kwana biyu ina juya maganar likita. Akwai wani ɗan'uwan mahaifiyata da ke aiki a asibiti, da na roƙe shi mai yiwuwa ya yi mini. Abin da ya hana ni, ban iya tunanin in ɗauki mutuwar mijina in sake mata suna ba. Kuma gaskiya ina tsoro. In na ajiye karatun shekara guda a halin da nake ciki, ban ga abin da zai mayar da ni ba.

Takardar mutuwa ba matsala, wan mijina ya riga ya karɓo ta a meri, ofishin magajin gari, saboda wurin aikin mamacin. Takardar aure ce babu. An ɗaura mana aure a ƙofar gidan babana, aka raba goro da dabino, muka ce gobe ma je meri, jibi ma je, har shekara huɗu. Ni da na taɓa cika shafi huɗu a jarrabawa kan muhimmancin rajistar aure. Na san gyaran abin tun da na karanta shi: sai an je gidan shari'a da shaidu biyu da suka halarci ɗaurin auren, alƙali ya yanke hukuncin cewa an yi shi. Shaida ɗaya kuwa ya kamata ya fito daga dangin miji.

Limamin unguwarmu yakan biyo ran Jumma'a bayan an sauko masallaci ya gai da Inna. Ran nan yana zaune a tsakar gida, ni ina bakin ƙofar ɗakina bayan asabari, na tattaro ƙarfin hali.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

Na ga Inna ta ɗago kai. Na yi masa bayani a gajarce. Ya saurara har na gama.

"Mai takaba tana fita da rana in akwai buƙata ta gaskiya," ya ce. "Ba ziyara ba, ba biki ba. Abin da ba ta yi shi ne ta kwana wani wuri ba ɗakin mijinta ba."

"Ko da Yamai ce, Malam?"

Ya ɗan yi dariya. "Yamai, ki tahi ki komo yini guda? To, in motar ta yarda."

Bayan tafiyarsa na zauna da lissafi. Motar farko tana tashi bayan sallar asuba, in ta cika. Da shingayen jami'an tsaro a hanya, tafiyar takan ci awa uku da rabi, wani lokaci huɗu. Ƙarfe takwas ba za ta yiwu ba, amma goma za ta yiwu. Motar ƙarshe mai komowa Filinge kuma tana barin Yamai wajen ƙarfe huɗu. Ashe ba rana ya kamata in roƙa ba, awa ce.

Wan mijina manomi ne, yana kuma da rumfa a kasuwa. Ba mugun mutum ba ne, magana ce ba ta dame shi ba. Na tare shi da yamma ya dawo gona yana wanke ƙafa.

"Yaya, alfarma nake nema."

Na gaya masa komai, har abin da liman ya ce. Ya ci gaba da zuba ruwa a ƙafarsa har butar ta ƙare.

"Shaida zan yi miki," ya ce. "Ke matar ƙanena ce, ba ƙarya a ciki. Amma ba don ki ɗauki takarda ki tahi tasha ba. Bari ki hita tukuna."

"In na bari sai na fita, an gama, Yaya. Kora ta za su yi."

"To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Yaushe muka rufe shi? Kina so a ce ga matarshi can a tasha tana rububin mota da 'yan kasuwa? Ni za a tara a masallaci, ba ke ba."

Ya tashi ya shiga ɗakinsa.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Ina buɗe kaye in karanta shafi, in kai ƙarshe ban san abin da na karanta ba. Tuwo ma kaɗan nake ci. Da na ji tafiyar mutum sai in tura takardun ƙarƙashin tabarma, kamar ɓarauniya. Ƙawata tana kira tana cewa Madam ta ce ran Jumma'a ta sama za a rufe karɓar dosiye. A cikin haka gwaggon mijina ta zo daga ƙauyensu wajen Sanam. Tsohuwa ce 'yar bori, tana riƙe da al'adun kaka da kakanni. Ta ji labarin a bakin matar wan, ta shigo ɗakina ta zauna kusa da ni, ta riƙe mini hannu. Ba faɗa ta yi ba. Cewa ta yi kurwar mamaci tana nan kusa da matarsa har ta gama takaba, in matar ta ƙetare iyakar gari sai ta bi ta, kuma ba lallai ta gane hanyar komowa ba. Na ce mata to. Ban yarda da maganar ba, amma ta zauna mini a ƙirji ta ƙi tashi.

Inna ba ta ce komai ba duk tsawon kwanakin nan. Da ma tsakaninmu akwai kunya, ba mu taɓa doguwar hira ba ko lokacin da ɗanta yake da rai. Wata safiya muna zaune muna tsinke ganyen tafasa cikin faifai, ba ta ko dube ni ba ta ce:

"Motar nan ta farko, in ta tashi da asuba, da rana ta yi yaya take kaiwa?"

Na gaya mata.

"Uban waɗannan da ya rasu, farkon damina ne," ta ce. "Ya bar ni da biyar, babbansu bai kai ɗaukar kalmen noma ba. Da zanen takaba na yi noman shekarar nan. An yi magana, har a gabana an yi. Na ji zafi ƙwarai." Ta zubar da karan da ke hannunta. "Ni zan bi ki."

"Inna, gwiwarki fa?"

"Gwiwata ce, ba taki ba. Kuma ba don lakwal ɗinki ba ne, ni ban san mi kuke yi can ba. In ina kusa da ke ba wanda zai buɗe baki. Ni ma gidan ga ya ishe ni, ɗiyata. Duk inda na duba shi nake gani."

Ban san abin da ta gaya wa wan mijina ba. Washegari dai na ga ya sa babbar riga, ya tsaya a zaure ya aiko matarsa ta ce in fito. Kawuna ya zo daga Tabla ya zama shaida na biyu. Fitata ta farko ke nan tun ranar jana'iza, hasken titi har ya kashe mini ido. Alƙalin saurayi ne, bai fi ni da yawa ba. Ya tambayi shaidu ranar ɗaurin aure da wanda ya ɗaura da sadaki, wan mijina ya amsa duka daidai, har abin da ni na manta. Da alƙalin ya ji abin da nake karantawa sai ya dube ni ta saman gilashinsa, bai ce komai ba. Da ya yi magana ma da ya fi mini sauƙi. A hanyar komowa wan mijina yana gaba ina baya.

Takardar ta fito ran Laraba. Na haɗa ta da sabuwar takardar roƙo, na ba wani direba ya kai wa ƙawata, ta miƙa wa Madam ran Alhamis da yamma.

Sai jira. A gidanmu waya ba ta kamawa sosai sai kusa da rumbu, don haka can na mayar da tabarmata da rana, da kaye a cinya da waya a gefe. Duk ƙarar da ta yi sai in yi wuf in ɗauka. Mako ya wuce. Na kira Madam, ta ce dosiye yana kan teburin shugaba. Na sake kira, ta ce yana taro. Na uku ba ta ɗauka ba, na kuwa tabbatar wa kaina an ƙi, ita ce take jin nauyin gaya mini.

Saura kwana shida a fara jarrabawar shugaban ya kira da kansa. Ban taɓa magana da shi ba, daga nesa kawai nake ganinsa. Muryarsa a bushe take, da Faransanci ya yi maganar tun daga farko har ƙarshe.

"Ba ni da ikon ɗaga miki rana, kuma ba ki sake roƙon haka ba, kin kyauta. Ga abin da zan iya. Za a ware miki ɗaki da mai sa ido. Darasin safe ki fara ƙarfe goma. Na yamma ki fara ƙarfe ɗaya, kuma ba za ki fita ba sai sauran sun zauna ƙarfe uku. Wayarki tana hannun sakatare duk yinin."

Na fara godiya, ya katse ni.

"Ban gama ba. Zan ba da umarni kada ɗalibi ya fita daga babban zaure kafin goma. Bayan goma ba zan iya tsare mutane ba. In mutum ɗaya ya fita kafin ki iso, tambayoyin sun fita ke nan, ba za ki zauna ba. Kin gane?"

Na ce na gane.

Ranar farko muna idar da sallar asuba muka fita, ni da Inna. Ɗiyata tana barci wurin matar wan. A tasha muka tarar an ajiye mana kujeru biyu na gaba. Direban ya ce wan mijina ne ya zo tun jiya ya yi masa magana, har kwana ukun. Mutane suna dubana, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Wata mata da na sani ta buɗe baki, ta ga Inna, ta mayar da shi gaisuwa. Saura mutum ɗaya motar ta cika, muka yi ta jira, ni ina kallon agogon waya, gari yana ta wayewa. Da ƙyar wani mai buhun wake ya zo.

Da muka wuce gidajen ƙarshe na Filinge maganar gwaggon mijina ta taso mini. Na rasa abin yi, sai na kama karanta wa mijina addu'a a zuci, ban daina ba sai Bonkuku. Gero ya yi tsawo ko'ina, kwarin duk ya yi kore, amma ni agogo kawai nake gani. A kowane shinge sai kowa ya sauka da katin shaidarsa a hannu, a taka a ƙasa a wuce, sannan a sake hawa. Inna tana sauka tana dafa ƙofa, tana hawa tana cije leɓe. Bayan Baleyara direban ya lura da ni, ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankali, za mu kai," ya ƙara wuta.

Goma saura ashirin muka shiga makarantar. Ɗakin da aka ware mini na ajiyar tsofaffin takardu ne, an ture kwalaye gefe an sa tebur. Inna ta shimfiɗa ɗankwalinta na biyu a gindin wani icen bedi ta zauna. Aka ajiye mini tambayoyin. Na fi minti goma ina kallon takarda, kalmomin suna yawo. Mai sa idon, wani malami da ban sani ba, ya tashi ya zubo ruwa a kofi ya ajiye a gabana, ya koma ya zauna. Na sha. Daga nan na fara rubutu. Ƙarfe ɗaya aka karɓa aka ba ni ta biyu, sallar azahar kawai na yi a tsakani. Mun iso gida bayan magariba.

Rana ta biyu da ruwa muka tashi. Ba mai ƙarfi ba ne a Filinge, amma gabas ta yi baƙi ƙirin. Mun wuce Bonkuku da kaɗan muka tarar da motoci a jere. Wani kori ya cika ya hau kan hanya, jan ruwa yana gudu da karare da rassan itace. Direbobi suka tsaya a bakinsa suna nuna juna da hannu, ba mai son ya fara shiga. Ƙarfe bakwai da rabi ne. Na fita na tsaya cikin yayyafi ina kallon wani dutse a gefen ruwan, ina jira in ga ko zai ƙara fitowa. Takwas ta yi. A Yamai an raba tambayoyi. Na kira Madam, da ƙyar na same ta, ta ce za ta gaya wa shugaban. Na koma mota na ce wa direba ko za mu gwada. Inna ta ce, "Ke, zauna. Akwai 'ya'yan mutane cikin motar ga."

Sai wajen takwas da rabi wata babbar mota ta shiga ta fita lafiya, sauran suka bi ta. Ban sake duba agogo ba, na kife wayar a cinya. Da muka sauka a bakin makarantar na bar Inna a baya na ruga, zanena a jiƙe. Tun daga nesa na hango ɗalibai uku a tsaye a baranda, suna duba takardar tambayoyi suna gardama. Shugaban yana tsaye a ƙofar burosa, wato ofishinsa.

"Na riƙe su har goma da kwata," ya ce. "Yanzu sha ɗaya saura."

"Ranka ya daɗe, ban yi magana da kowa ba. Ga wayata, a duba."

"Na yarda da ke. Amma abin da muka yi da ke ke nan." Ya ɗan tsaya. "Na ƙarfe ɗaya yana nan."

Darasin dokar kasuwanci ne, wanda na fi iyawa cikin shidan. Na koma gindin bedin, ƙasa a jiƙe, na zauna kusa da Inna na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba tun makon rasuwa. Ɗalibai suna wucewa suna kallo. Ƙawata ta fito daga zaure ta durƙusa ta riƙe ni. Inna ta bar ni sai da na yi mai isata.

"Sun rufe?" ta ce.

"Sun rufe, Inna."

"Akwai wata da rana?"

"Akwai."

Ta kwance ƙullin dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, da ta zo da shi, ta tura mini. "To ci. Ba ki ci komi ba tun jiya."

Na ci kaɗan, na wanke fuska, ƙarfe ɗaya na shiga. Ban san me na rubuta ba. Ruwan ya janye kafin mu komo, amma hanyar ta lalace, sai da aka kira isha'i muka shiga gari. Wan mijina yana tsaye a tasha. Ya karɓi jakar Inna, ya kama mata hannu, muka nufi gida.

Rana ta uku gwiwoyin Inna sun kumbura har ba ta iya durƙusawa, a zaune ta yi sallah. Na roƙe ta ta zauna, matar wan ta raka ni. Ta ce ita ta fara, ita za ta gama. Ranar hanya ba ta ba mu wahala ba, tara da rabi muna makaranta. Gajiya ce kawai. Cikin darasi na ƙarshe barci ya sace ni a kan takarda, sai da mai sa ido ya ƙwanƙwasa tebur.

Sauran kwanakin takaba a ɗaki na yi su, ina gasa wa Inna gwiwa da ruwan zafi safe da yamma. Magana kam an yi ta a gari. Wata maƙwabciyarmu ta daina shigowa gidan har tsawon lokaci, kuma na ji an ce wani ya tare wan mijina a kasuwa, ban dai san me ya amsa masa ba. Ranar fita aka yi mini wanka da kitso, aka yi sadakar masa. Da aka miƙo mini madubi ban gane kaina ba sosai.

Sakamako ya ɗauki mako uku, kuma duk makonnin nan ina ganin sifirin dokar kasuwanci a gabana. Na lissafa ta kowace fuska, wani lokaci in ga na tsira, wani lokaci in ga ba hanya. Ƙawata ce ta kira, tana tsaye gaban allo, hayaniya ta cika wayar. Na ci biyar. Malamai sun zauna kan maganata, sun yarda ba za a sallame ni ba, amma ba za a ba ni takardar gamawa ba sai na dawo baɗi na rubuta darasin da na rasa. Na ce ta sake karantawa. Ta sake.

Na je na gaya wa Inna. Ta ce, "Wato an ci ko ba a ci ba?" Na ce an ci, saura kaɗan. Ta ce Alhamdu lillahi, ta ci gaba da jan carbinta. Darasin kuwa na rubuta shi shekarar da ta biyo, a babban zaure tare da 'yan bayanmu, na kuma ci.

Bayan an yanke gero na fara shirin komawa Yamai. Ana gobe zan tafi Inna ta kira ni ɗakinta. Ta daɗe tana gyara zaman zanenta kafin ta yi magana.

"Ki bar mini yarinyar ga, ko zuwa rani."

Ban taɓa kwana ba tare da ɗiyata ba sai in ba ni da lafiya. Na duba tsakar gida, tana can tana bin kaji da kara a hannu, tafiyarta sak ta ubanta. Na so in ce ta yi ƙanƙanta, na so in ce gwaggota za ta yi kewarta. Inna tana dai jira.

Na ce to.

Da safe na fita tun ba ta farka ba, don kada ta ga tafiyata. Wan mijina ya ɗaukar mini jaka har tasha. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce, "In kin sauka ki kira." Na ce zan kira.